Tambaya da Amsa: Tsuntsaye a Zanen Bugun Katako na Jafanawa

A fitowar da ta gabata mun kawo hotuna biyu daga ƙasar Jafan a shafin fasaha. Na farko dinya uku ne suna gangarowa ta gaban cikakken wata, aikin Utagawa Hiroshige. Na biyu farin zalɓe ne tsaye cikin ruwan sama, duhu a bayansa, aikin Ohara Koson. Wasiƙu sun yi ta shigowa a kansu, galibi daga Kebbi da Zamfara. Mun miƙa su ga masu koyar da zane da ɗab'i da ke amsa tambayoyin wannan fili, ga kuma waɗanda suka samu shiga a wannan karon.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi. Ɗalibaina sun kafe a kan cewa hoton dinyar nan da burushi aka zana shi. Na ce musu bugu ne, amma da suka nemi bayani sai na kasa kai su ƙarshe. Yaya ake yinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kai ne da gaskiya, amma yaran ma ba su yi nisa da ita ba, don da burushi ake farawa. Aikin na mutum huɗu ne: mai zane, masassaƙi, mai bugu, da mai jari wanda ya ɗauko su ukun kuma yake sayar da hoton a shagonsa. Sunan mai zane ne ke fitowa a fuskar takarda, amma hannunsa bai taɓa katakon ba.

Mai zane yakan zana layukan hoton kaɗai da baƙar tawada a kan takarda marar kauri. Masassaƙi ya shafa wa allon icen ceri na dutse kunun shinkafa, ya kifa zanen a kai, fuska a ƙasa. Sai ya jiƙa ɗan yatsa yana murza bayan takardar har zarenta ya riƙa nannaɗewa yana fita, layukan su bayyana ta baya. Daga nan ya bi kowane layi da wuƙa ta ɓangarorinsa biyu, yana karkata ta yadda gindin layin zai fi samansa faɗi don kada ya karye, sannan ya kwashe duk abin da ke tsakani da cizal. Zanen asali ya tafi ke nan, wuƙa ta cinye shi. Abin da ya rage shi ne uwar katako, mai ɗauke da layukan hoton a tsaye.

A gefen wannan katako ake yanka alamomi biyu da Jafanawa ke kira kento: ɗaya kusurwa ce da kusurwar takarda za ta zauna a ciki, ɗaya ɗan miƙaƙƙen mataki ne da gefen takarda zai jingina da shi. Ana buga uwar katakon da baƙi a takardu da yawa, har da alamomin, mai zane ya nuna a kowace takarda inda launi ɗaya zai shiga. Kowace a manna ta a sabon katako a sassaƙa. Ta haka alamomin ke zama a wuri guda a duk katakan, launi kuma ya faɗa daidai cikin layinsa. Hoto ɗaya yakan sha bugu goma zuwa ashirin, wani ya wuce haka.

Mai bugu ba shi da inji, launinsa kuma ba na mai ba ne. A ƙasa yake zama, katako a gabansa ya ɗan gangara. Ya ɗiga launi na ruwa, ya ɗiga kunun shinkafa, ya haɗa su a fuskar katakon da burushin gashin doki, ya ɗora takarda mai laima, ya murza bayanta da baren. Baren faifai ne da ya cika tafin hannu, a cikinsa akwai igiya da aka tufka daga ɓawon gora aka naɗe ta zagaye, aka lulluɓe da wani ɓawon goran. Takardar kuwa daga ɓawon icen kozo ake yinta, zarenta dogo ne, shi ya sa take jure murza sau ashirin tana jiƙe ba ta yage ba. Akan buga wajen takarda 200 a zubi guda, a gama launi ɗaya a kansu duka kafin a ɗauko katako na gaba. Baƙin layi ne farko, sai launuka daga mai haske zuwa mai duhu.

Bugu mai cikakken launi irin wannan ya kankama ne a 1765 a birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, da ayyukan Suzuki Harunobu. Hoton dinyar da ka gani siriri ne, tsayinsa wajen santimita 38, faɗinsa wajen 13, kuma a 1949 Jafan ta sa shi a kan tambarin aika wasiƙa.

Tambaya: Ina gaishe ku. Ni tela ce a Argungu, ina kuma yin kwalliyar zare a zanin gado. Farin zalɓen nan ya tsaya mini a rai. Wane irin farin fenti ne ke fita haka a kan baƙi ba ya dusashewa?

Amsa: Malama, ba fenti ba ne, takardar ce tsagwaronta. A katakon da ke buga duhun baya, masassaƙi ya ƙwaƙule siffar tsuntsun gaba ɗaya, don haka launi bai taɓa wurin ba. Mai bugu yakan maimaita duhun sau biyu ko uku har ya yi nauyi, kuma duk bugun da ya ƙara, tsuntsun na ƙara haske a ido alhali ba a sa masa komai ba. A ganinmu nan ne asirin wannan fasaha yake, kuma nan ne masu koyo suka fi yin asara, don hannu na ƙaiƙayin cike kowane fili.

Akwai abin da hoton mujalla ba zai iya nuna miki ba. A irin waɗannan ayyuka, gashin farin tsuntsu sau da yawa yana da tudu da kwari da za ki ji da yatsa. Ana sassaƙa gashin a katako na daban, ba a sa masa launi, a ɗora takarda mai laima a danne ta da ƙarfi har ta ɗauki siffar. Sunan dabarar karazuri. Idan kika kalli takardar gaba da gaba, fari kawai za ki gani. Ki karkata ta haske ya zo ta gefe, sai gashin ƙirji da na fiffike su tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar inuwarsa. Kitagawa Utamaro ya yi amfani da ita a littafinsa na tsuntsaye da waƙoƙin barkwanci da mai jari Tsutaya Juzaburo ya buga wajen 1790.

Sararin sama da ke yin duhu a sama ya riƙa washewa zuwa ƙasa kuwa, sunansa bokashi, kuma babu shi a jikin katako sam, a hannun mai bugu yake. Yakan goga ƙyalle mai laima a ɓangaren da yake so launi ya ɓace, ya sa launi a kan burushi ta gefe ɗaya kawai, ya riƙa kai da komo a layi guda har launin ya narke cikin ruwan. Kowace takarda sai an sake mata wannan daga farko. Shi ya sa kwafi biyu na hoto ɗaya ba sa zama daidai, kuma idan hoto ya yi kasuwa aka shiga buga shi cikin gaggawa, bokashi ne abin da ake fara ragewa.

Hankakan Jafan kuwa baƙi ne ƙirin, ba shi da farin ƙirji irin namu, kuma baƙi zalla yakan fito a mace. Maganinsa a fara buga toka-toka a ƙasa, a ɗora baƙi mai ɗan gam a kai. Wani lokaci bayan takardar ta bushe sai a ɗora ta a kan katakon da aka sassaƙa wa gashi, fuska a sama, a goge da haure ko wani abu mai santsi. Inda katakon ya tokare daga ƙasa sai ya yi sheƙi, gashin ya fito baƙi a kan baƙi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Gusau. Na duba ire-iren hotunan nan a intanet na ga kamar kowane tsuntsu da shukar da ake haɗa shi da ita. Doka ce? Sannan dogon farin tsuntsun nan mai jan kai, shi ne gaurakarmu?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka ya gani daidai. Ba doka ce rubutacciya ba, al'ada ce da ta taso daga zanen ƙasar Sin ta haɗu da waƙar Jafanawa, wadda ba ta rabuwa da ambaton lokacin shekara. Wannan reshe na zane kaco-e ake ce masa, zanen fure da tsuntsu. Mai saye a Edo yana ganin dinya da wata da ciyawar bakin ruwa ya san kaka ce. Ɗan tsuntsu mai daɗin murya da suke kira uguisu a kan reshen fulam mai fure yana nufin sanyi ya fara sakin ƙasa. Tsattsewa ta bayan sanyi ce, tsuntsun da suke kira hototogisu na farkon zafi. Agwagwar oshidori kullum biyu ake zana ta, miji da mata, don alamar zaman aure ce, har a cikin ƙanƙara. Gwara da gora suke tafiya, shaho kuwa na sarakuna da mayaƙa ne masu farauta da shi. Hiroshige yakan rubuta gajeriyar waƙa a gefen hoton, ita ma ta wannan lokacin.

Tsuntsun da ka tambaya dangin gauraka ne amma ba ita ba ce. Tamu tana da tukku mai ruwan zinariya da jiki mai duhu. Tasu fara ce, wuyanta baƙi, a tsakar kanta akwai jar fata marar gashi, kuma ta fi tamu girma. Suna ɗaukarta alamar tsawon rai, suna cewa tana shekara dubu, shi ya sa ake haɗa ta da icen fain da fitowar rana a hotunan sabuwar shekara. Baƙin gashin da ake gani a bayanta idan tana tsaye ba wutsiya ba ce, gashin fiffike ne da ya rufe wutsiyar, ita wutsiyar fara ce. Mai zanen da ya sa mata baƙar wutsiya tana tashi sama bai kalli tsuntsun ba. Haka nan gauraka da danginta da miƙaƙƙen wuya suke tashi, zalɓe da balbela kuwa sai sun naɗe nasu.

Idan za ka ci gaba da dubawa, nemi waɗannan. Katsushika Hokusai, wanda ya rayu daga 1760 zuwa 1849, ya fitar da jerin ƙananan hotunan fure da tsuntsu wajen 1834. A ɗayansu ɗan tsuntsu ya maƙale a reshen ceri kansa a ƙasa, bayansa shuɗi mai duhu ne wanda babu sama babu ƙasa a cikinsa, har mutum ya rasa ta ina zai riƙe takardar. Shuɗin nan na kanti ne da aka fara ƙirƙira a Balin ta Jamus, ya cika kasuwar Edo wajen 1830, kuma ba ya kodewa irin shuɗin fure da suka saba da shi. Hiroshige, 1797 zuwa 1858, ya yi ɗaruruwan hotunan tsuntsaye. A jerinsa na wurare ɗari na Edo akwai na 1857 inda gaggafa ta cika saman takarda da fikafikanta tana leƙen filin Susaki da ƙanƙara ta rufe, mai kallo kuma yana ganin ƙasa daga inda tsuntsuwar take. Bayansu Kono Bairei ya fitar da kundin tsuntsaye ɗari a 1881, Imao Keinen ya fara fitar da nasa na lokutan shekara huɗu a 1891. Ohara Koson, 1877 zuwa 1945, shi ne na ƙarshen manya, kuma yawancin ayyukansa Amurka da Turai suka tafi. In ana maganar sanin ƙirar jikin tsuntsu, yadda ƙafa ke riƙe reshe da yadda gashi ke kwanciya, Koson ya fi. In ana maganar sa wa mutum jin sanyin dare da layi kaɗan, ba mu ga na biyun Hiroshige ba.

Shawararmu gare ka, kada ka ɓata shekarunka kana kwafar tsuntsun da ba ka taɓa jin kukansa ba. Shamuwa a kan kuka da hadarin farko, kirinjijiya a fadamar shinkafa, balbela a ƙafar shanu, garken jan-baki ya sauka a gero: duk wanda ya tashi a nan yana gani zai san watan da ake ciki.

Tambaya: Ni masassaƙi ne a Talata Mafara, turmi da allo da kujerar mata nake yi tun ina yaro. Jikana ya karanta mini bayaninku, muna so mu gwada ni da shi. Ba mu da icen Jafan. Da me za mu yi?

Amsa: Baba, sannu da aiki. Rabin kayan yana rumfarka. Abin da ake nema ice ne mai matsattsen jiki, marar manyan ƙofofi, wanda ya bushe sarai a inuwa, shekara guda ko fiye. Aduwar da kake allo da ita ta dace da uwar katako, don tana riƙe siririn layi. Malaina tana da laushin yanka, ta yi kyau ga katakan launi masu faɗin fili, amma siririn layi yakan marmashe a kanta. Maɗaci yana da buɗaɗɗun ƙofofi da ke fitowa zane-zane a cikin launi, a bar shi sai in ana son hakan. A yanka allo mai tsawon santimita 20, faɗi 15, kauri 2, bisa tsawon ice. A goge da sanfefa mai lamba 220, a shafa ruwa gashin icen ya tashi, in ya bushe a sake gogewa da mai lamba 400. Kada a shafa mai ko fenti ko wani abin sheƙi, don sai katako ya sha ruwa yake ba da launi.

Wuƙar yankan layi ana iya fitar da ita daga karyayyen ruwan zarton ƙarfe, a wasa ta ta fuska ɗaya kawai, bakinta a karkace, a yi mata ƙota gajera da za a damƙe a tsaye. Sai ƙananan cizal biyu, mai faɗin milimita 3 da mai 10, da ɗaya mai lanƙwasasshen baki na kwashe fili. Zurfin milimita 2 ya isa kusa da layi, a tsakiyar fili mai faɗi a kai 4 ko 5. Dutsen washi ya zauna kusa, don wuƙar da ta dakushe tsaga ice take yi maimakon yanka shi.

Ku fara da balbela ɗaya da katako uku: na baya mai toka-toka ko shuɗi wanda aka ƙwaƙule siffar tsuntsuwar a cikinsa, na baƙi mai ɗauke da ƙafafu da ido da 'yan layukan fiffike, da na rawaya don baki. Jikanka ya zana a siririyar takarda a kifa ta a kan katako, hoton zai fito yadda ya zana shi. In kuwa kai tsaye aka zana a jikin icen, a juye zai fito kamar rubutun hatimi. Ido shi ne abu na ƙarshe da za a yanka, da sabon washi, don ɗigon nan in ya ɓalle tsuntsuwar ta mutu. Masassaƙan Edo sukan dasa ɗan guntun ice mafi tauri a inda aiki ya yi ƙanƙanta ko ya lalace, ku ma in ido ya ɓalle ku huda wurin ku cusa ɗan turken aduwa, ku daidaita samansa ku sake yankawa. Alamomin kento kuwa zurfinsu kada ya kai milimita ɗaya, kusurwar a hannun dama ta ƙasa, matakin a gefen ƙasa can wajen hagu. Kusurwar takarda ma a yanke ta daidai da sukwaya.

Kunun bugu: cokali ɗaya na garin shinkafa mai laushi, cokali takwas na ruwa, a dama a kan wuta kaɗan wajen minti biyar har ya yi kauri ya washe, a tace da ƙyalle. Da zafin nan kwana biyu yake yi ya yi tsami, don haka a riƙa yin kaɗan. Baƙi kuwa tawadar allo mai ƙaro ta wadatar in an tace ta sosai, sauran launuka a sayi fentin ruwa na 'yan makaranta. Tawadar injin ɗab'i da fentin mai ba su shiga wannan aiki. Sabon burushin takalmi mai gashin doki yana maye gurbin nasu, a goga bakinsa a kan sanfefa mai kaushi har gashin ya yi laushi. Baren kuma a yanko faifan filawud mai faɗin santimita 12, a naɗe tufkakkiyar igiya mai kaurin milimita 2 ko 3 a fuskarsa daga tsakiya zuwa baki, a manne, a lulluɓe da ƙyalle mai santsi da ƙarfi, a ɗaure ta baya ya zama mariƙi.

Takarda ita ce mai wuyar. A nemi takardar zane mai kauri marar sheƙi a shagon kayan makaranta. Ta fotokwafi yamutsewa take yi, mai sheƙi kuma ba ta shan launi. In wadda aka samu tana zuƙe ruwa launi na bazuwa, a yi mata abin da Jafanawa ke yi: a narka giram 15 na gam ɗin fata a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, in ya narke a zuba giram 5 na alif, wato alam ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta, kada a bari ya tafasa, a shafa sau ɗaya da faffaɗan burushi a shanya. Daren da za a yi bugu, a jiƙa tsoffin jaridu ɗaya cikin kowane uku, a jera takardun a tsakaninsu, a naɗe cikin leda a ɗora allo a kai. Da safe takarda ta zama mai sanyi da laushi a hannu, ba ruwa a fuskarta.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jega. Na gwada da hunturun nan, amma launin ya fito ɗigo-ɗigo, bakin tsuntsun ya sauka a gefen kansa, ga datti a inda ya kamata ya zama fari. Ina na kuskure?

Amsa: 'Yar'uwa, uku ɗin nan kowane mai koyo sai ya gamu da su, kuma biyu daga ciki iskar hunturu ce ta jawo. Ɗigo-ɗigo yana zuwa ne in kunu ya yi kaɗan, ko katako ya bushe kafin takarda ta sauka, ko murzar ba ta da ƙarfi. Kafin ki fara, ki ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kan katakon minti goma, ki kuma ɗauka cewa takardu uku ko huɗu na farko na gwaji ne, sai bayansu icen ke ƙoshi. Daga ɗaga burushi zuwa fara murza kada ya wuce daƙiƙa goma sha biyar. Da hunturu ki yi aiki bayan asuba, ɗaki a rufe, fanka a kashe, ki yayyafa ruwa a ƙasa. In kuma kika ga launi ya yi tsiri-tsiri takarda na kamawa, kunun ne ya yi yawa. In ya taru ya yi kauri a bakin layuka, haɗin launi da kunu ne ya yi yawa, ki rage, ki ƙare gogar burushi da sassauƙan shafa a gicciye.

Bakin da ya kauce kuwa, takarda tana buɗewa in ta sha ruwa, tana tsukewa in ta bushe. In kika buga baƙi tana da laima sosai, kika zo buga rawaya ta sha iska, girmanta ya canja, ko da kento ɗinki daidai yake. Kowace takarda tana barin katako ta koma cikin leda nan take. In duk takardun sun kauce ta gefe ɗaya da awo ɗaya, to laifin alamar ne: ki manna siririn kwali a cikinta ko ki ɗan ƙara yanka ta. Ki kuma fara murza daga kusa da kusurwar, yatsa na danne da ita, don kada takardar ta ja.

Dattin da ke fili yana nufin kwarin bai yi zurfi ba, ko bakinsa na da kaifi, ko baren na yawo inda babu hoto. Ki zurfafa, ki kashe kaifin bakin da cizal, ki goge filin da ƙyalle kafin kowace takarda. Da bazara da damina matsalar takan juya: takarda mai laima a cikin leda tana yin fumfuna cikin kwana biyu zuwa uku, don haka ki tsara aikin da za ki gama kafin nan. In kin gama, ki busar da hotunan tsakanin kwalaye da nauyi a kai, katakan kuma ki jingine su a tsaye a inuwa. Wanda aka bari a rana da fuska ɗaya a jiƙe lanƙwashewa yake yi.

Tambaya: Daga Zuru nake. Ina sha'awar aikin, amma ina da damuwa a kan zanen abu mai rai.

Amsa: Malam, hukuncin wannan fagen malamai ne, ka kai tambayar ga malamin da ka amince da iliminsa. Ta fuskar sana'a, duk abin da muka bayyana yana aiki a kan fure da ganye da zayyana da rubutu. Hokusai da Hiroshige suna da hotunan da furanni ne jigonsu, kuma furen bado a kan ruwa zai koya maka kento da bokashi da barin fari yadda balbela za ta koya maka.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Ƙaura Namoda. A wata tafiya na sayo hoton hankaka a kan reshe, mai shagon ya ce bugun hannu ne na Jafan. Ta yaya zan tabbatar, kuma yaya zan adana shi?

Amsa: Alhaji, juya shi ka dubi bayansa. Bugun hannu yana nuna launi ya ratso zaren takarda, ana kuma ganin sawun baren zagaye-zagaye a inda aka murza da ƙarfi. Bayan na inji fari ne fes. Sa madubin ƙara girma a fuskarsa: na inji ƙananan ɗigogi ne a jere, na katako launi ne shimfiɗaɗɗe, wani lokaci har da zanen jijiyar ice a cikinsa. Shafa yatsa a hankali a bayan baƙin layi, za ka ji ya ɗan taso.

Sai dai bugun hannu daban, tsufa daban. Har yau akwai masu sassaƙa sabbin katakai a Tokiyo da Kiyoto suna sake buga tsoffin hotuna da hannu. Aiki ne na gaske mai kyau, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na zamanin mai zanen ba. Ko a ayyukan da mai jari Watanabe Shozaburo na Tokiyo ya buga, wanda Koson ya yi aiki da shi daga 1926, akwai bugun farko akwai na baya, kuma gobarar girgizar ƙasa ta 1923 ta cinye katakan shagonsa na kafin lokacin. Hatimin mai jari da ke gefen takarda shi ke taimaka wa masana su gane zubin, don haka kada ka yarda mai firam ya datse gefen.

Babban abokin gabarsa haske ne. Jan da ake samu daga furen beni da shuɗin fure na tsoffin hotuna suna kodewa, kuma ba sa dawowa. Kada ka rataye shi inda rana ke faɗawa ko gaban fitila mai ƙarfi. Kada a like shi da salatif ko gam, kada kuma a kai shi a rufe shi da roba mai zafi irin ta katin shaida, wannan kashe shi ne gaba ɗaya. In za a sa shi a firam, a yi masa kewayen kwali mai kauri yadda gilashi ba zai taɓa fuskarsa ba, a kuma bar ɗan rata tsakanin firam da bango saboda laimar damina. In a akwati za ka ajiye, ka shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu biyu masu tsabta, akwatin a kan kanta ba a ƙasa ba, ka riƙa buɗewa kana dubawa farkon damina da ƙarshenta, don gara da kyankyaso suna bin gam da kunun da ke jikin takardar.